Shiru Kamar An Aiki Bawa Garinsu: Masu Fassara A Ƙasar Yauri Da Kamfanonin Da Ba Sa Amsa Saƙo

A farkon shekarar 1806, wani jirgin ruwa da ya taso tun daga Sansandin, a ƙasar Mali ta yau, ya tsaya a gaɓar kogin Kwara cikin ƙasar Yauri. Mai jirgin shi ne Mungo Park, Baturen Sikotilan da ya ɗaura ɗamarar sai ya ga inda kogin ya ƙare. Cikin 'yan tsirarun mutanen da suka rage masa akwai Amadi Fatuma, jagoransa kuma tafintansa, wanda suka yi jinga a kan zai raka shi har ƙasar Hausa. Da suka iso, Amadi ya ce alkawari ya cika, shi daga nan zai juya. Park bai ja ba, sai dai ya roƙe shi ya bar masa sunayen abinci da sauran kayan buƙata a harsunan ƙasashen da ke gaba. Kwana biyu suka shafe a kan wannan aiki.

A labarin da Amadi ya bayar daga baya, wanda aka buga a Landan a 1815, akwai wata 'yar magana da duk mai cin abinci da fassara zai ja wa layi: tun kafin su bar Sansandin aka biya shi ladansa. Da ya bari sai an gama tafiya, da babu wanda zai bi bashi, domin ba a daɗe ba Park ya halaka a duwatsun Busa, wurin da Tafkin Kainji ya shanye yanzu. Duk da haka Amadi bai tsira ba. A faɗarsa, mai garin da aka danƙa wa kyautar da za a miƙa wa sarki ya danne ta, ya aika fada cewa Turawa sun wuce ba su ba da ko anini ba. Aka kama tafinta, aka ƙwace abin hannunsa, ya yi wata uku a mari.

Yau fiye da shekara 200 ke nan. Tafintan Yauri ya bar cikin jirgi ya koma gaban kwamfuta, masu ba shi aiki kuma suna Legas, Nairobi, Alƙahira ko Landan, bai taɓa ganin fuskarsu ba. Amma abin da ke raba shi da gumin goshinsa har yanzu biyun nan ne: lokacin da za a biya, da mutumin da ke tsakani.

Ƙasar da baki ya yi yawa

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, Yauri da Ngaski da Shanga, kuma ko a Nijeriya ba ko'ina ake samun harsuna sun cakuɗe haka ba. Gungawa, mutanen tsibirai, suna da Reshe. Kambarin yankin Wara suna da Tsikimba, 'yan uwansu na Salka da Agwara a Jihar Neja kowa da nasa. Akwai Dukawa, akwai Lopawa. Shanganci kuwa danginsa daban ne, ya haɗa jini da Busanci da harsunan Mande na can yamma, kuma 'yan ƙauyuka ne suka rage suna riƙe da shi. Masana harshe ma sunan Kainji suka laƙaba wa wani reshe sukutum na harsunan Nijeriya. Hausa ce ta ɗinke kowa a kasuwa da masallaci da bakin ruwa.

Saboda haka tafinta ba baƙo ba ne a nan. Lokacin da Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yauri a 1830 neman takardun Park, da Bahaushe suka zo, Abubakar mutumin Gobir, wanda Turawa ke kira Pasko. Lokacin da aka gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, aka tashi mutum wajen 44,000 daga garuruwansu da gungunansu, duk wata magana ta diyya da sabon matsuguni sai da ta ratsa bakin wani kafin ta isa kunnen mai ita. Haka a 2021, bayan kifewar jirgin ruwa a kusa da Wara ranar 26 ga Mayu, da sace ɗaliban Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni: iyaye da waɗanda suka tsira da Hausa suka yi magana, duniya kuma da Turanci ta ji.

Abin da ya sauya shi ne kasuwar ta buɗe ta intanet. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disambar 2013, Facebook ya biyo a 2016. Ƙungiyoyin agaji na son takardun tambayoyi da saƙonnin rigakafi, kamfanonin waya na son a juya manhajoji, masu ƙera ƙirƙirarriyar basira na son a naɗi murya, a rubuta abin da aka faɗa, a gyara abin da na'ura ta fassara. Galibinsu ba sa neman mai fassara da kansu. Kamfanin fassara suke bai wa kwangila, shi kuma ya nemo masu zaman kansu.

Dare shida, kalma dubu shida

A ƙaddara wani malamin sakandare ne a Yelwan Yauri, irin waɗanda ke koyarwa da rana su yi fassara da dare. Saƙo ya shigo masa ranar Talata da yamma: takardar wayar da kai a kan zazzaɓin cizon sauro, kalma 6,000, santi biyar kowace kalma, ana so kafin Litinin. Ya buga lissafi, dala 300. Manajar aikin sai fara'a take zubawa a rubuce, duk tambayar da ya jefa kafin ya ajiye waya ta amsa.

Garin da ke bakin tafkin da ke juya injinan megawat 760 ba kullum yake kwana da wuta ba, don haka malam ya sayi mai ya tayar da ƙaramin janareta, ya sa data, ya zauna. Ya tsaya a kan kalma guda rabin sa'a yana auna ko “gidan sauro” zai ce ko “sange”, domin ya san wanda matan gungu za su fi ganewa. Dare shida yana abu ɗaya. Litinin da asuba ya tura. Aka ce an gode, aiki ya yi kyau, ya aiko da takardar neman biya, za a sallame shi cikin kwana 45.

Kwana 45 suka cika. Ya rubuta, shiru. Ya sake rubutawa, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. A WhatsApp alamar nan ta nuna an karanta, amma ko ƙala. Mai shagon da ya ba shi man janareta bashi kuwa ba ya shiru. Kullum ya gifta sai ya ce, “Malam, har yanzu alat ɗin Turawan bai faɗo ba?”

Da a kasuwar Yauri ne, da maganar ba ta kai haka ba. Falken da ya loda albasa ko bandar kifi zai yi Kudu ya bar ciko, akwai dillalin da ya tsaya masa, akwai Sarkin Kasuwa, akwai sanin cewa mako mai zuwa dole ya dawo ya haɗa ido da mutane. Kamfanin intanet ba shi da rumfa. Abin da malam ya riƙe kawai sunan mace ɗaya ne, da adireshin imel.

Kowane shiru da maganinsa

Tsofaffin hannu a sana'ar ba sa haɗa shiru duka a kwando ɗaya.

Na farko shi ne shirun bayan rajista. Mutum ya cike fom, ya tura takardunsa, ya yi fassarar gwaji kyauta, aka ce za a tuntuɓe shi, shi ke nan. Wannan yana da ciwo amma ba bashi ba ne. Kamfanoni da yawa suna tara sunayen masu harsuna ne don su nuna wa mai ba da kwangila cewa suna da mutane a ƙasa. Idan kwangilar ba ta faɗo musu ba, babu wanda zai waiwayo ya yi bayani. Tuni ɗaya bayan mako biyu ya isa, sai a kama wani abin. Abin lura a nan shi ne girman gwajin. Sakin layi biyu ko uku gwaji ne. Shafi goma kuwa, wataƙila aikin wani ne aka yayyanka aka raba wa masu neman shiga.

Na biyu shi ne shirun tsakiyar aiki. An tambayi ma'anar wata gajarta, ko an ga jimlar da ta karye a asalin takardar, amma babu amsa, wa'adi kuma na matsowa. Masu ƙwarewa ba sa tsayawa jiran gawon shanu. Sukan zaɓi abin da ya fi dacewa, su rubuta dalili a gefe, su miƙa a kan lokaci tare da jerin tambayoyin da ba a amsa ba. Gobe idan aka so rage kuɗi da sunan kuskure, takarda na nan.

Na uku, shirun bayan miƙa aiki, shi ne mai hana barci. Shi ma ba kullum mugunta ke kawo shi ba. Sau da yawa aikin ya bi ta hannu uku ko huɗu: ƙungiya ta bai wa babban kamfani a Turai, shi ya bai wa ƙarami a Legas ko Alƙahira, shi kuma ya bai wa malam a Yelwa. Kowane hannu ya cire la'adarsa, kowane kuma yana jiran na sama ya biya kafin ya saki na ƙasa. Wani lokaci manajar da ta ba da aikin ta bar kamfanin, akwatin imel ɗinta ya zama kango. Wani lokaci takardar neman biyan ba ta taɓa isa sashen kuɗi ba, domin a shafin kamfanin ake so a shigar da ita, shi kuwa ta imel ya tura. Akwai kamfanonin da ba sa biya sai kuɗin mutum ya kai wani adadi, kuma suna ɓoye wannan a can ƙasan yarjejeniya. Akwai kuma matsalar da ta zama ruwan dare a Arewa: sunan da ke kan takarda Muhammad, na banki Mohammed, kuɗi ya zo ya koma, babu wanda ya sanar da kowa. Ga shi shekara da shekaru PayPal, wanda kamfanonin waje suka fi sabawa da shi, bai bar talakan Nijeriya ya karɓi kuɗi ta cikinsa ba, dole aka koma Payoneer da asusun dala na banki.

Sai kuma macuta na gaske. Wasu kamfani ne mai rajista da ya mai da cin gumin mutane sana'a, yana sauya masu fassara kamar riga. Wasu ko kamfanin ma babu: sun ari sunan wani sananne, sun buɗe imel mai kama da nasa da bambancin harafi ɗaya.

Jinkirin kansa asara ne. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, kuma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, wanda kamfanin cikin gida ya riƙe wa Naira 200,000 wata shida, ko an biya shi cif, ba buhunan shinkafar da zai saya a da zai saya ba.

Bin bashi daga bakin ruwa

Bin irin wannan bashi hawa-hawa ake yi, kuma fushi ba ya cikin matakan farko. Washegarin cikar wa'adi sai a tura gajeren tuni mai ɗauke da lambar aiki, lambar takardar biya, adadin kuɗi da ranar da aka yi alkawari. Dogon labarin rashin lafiyar yaro da kuɗin haya ba ya motsa akanta. Lamba yake nema a na'urarsa. Bayan mako guda a sake turawa, amma wannan karon a haɗa da sashen kuɗi da shugaban sashen masu fassara, domin mai yiwuwa ƙofar farko babu kowa a bayanta. Daga nan sai kiran waya zuwa layin ofis, ko neman wani ma'aikacin ta LinkedIn. Duk tsawon wannan lokaci ba a karɓar sabon aiki daga gare su. Kamfanin da ya yi gum a kan tsohon bashi amma bakinsa ya buɗe da sabon aikin gaggawa, nan ne damar mai fassara ta zo: a biya na baya, sannan a yi maganar na gaba.

Idan duk wannan bai yi ba, sai wasiƙar ƙarshe mai rana tsayayya, wadda ta faɗi abin da zai biyo baya. A nan sanin dokar ƙasar kamfanin yana da amfani. A Ingila dokar jinkirin biyan bashin kasuwanci ta 1998 ta ba mai bin bashi damar ɗora kashi 8 cikin 100 a kan ma'aunin Babban Bankin ƙasar, da diyyar fam 40 a bashin da bai kai fam 1,000 ba. Tarayyar Turai ma tana da irin wannan, dokarta ta 2011 ta tanadi diyyar aƙalla Yuro 40, kuma ta sa kwana 60 a matsayin iyakar da aka saba tsakanin 'yan kasuwa. Masu fassara da yawa ba za su karɓi wannan ƙarin ba saboda shubuhar riba, amma ambaton dokar kaɗai yakan nuna wa kamfani cewa ba da baƙauye yake magana ba. A cikin gida, Legas ta buɗe kotunan ƙananan basuka a 2018, Kano ta biyo a 2019, inda mutum ke iya shigar da ƙara ba tare da lauya ba. Sai dai mai bin Naira 150,000 daga Wara ko Shanga zai fara lissafin kuɗin mota da na masauki kafin ya kama hanya.

Abin da kamfanoni suka fi tsoro shi ne suna. Dandalin ProZ, wanda aka kafa a 1999, yana da wani allo da ake kira Blue Board inda masu fassara ke ba kamfanin da suka yi wa aiki maki daga 1 zuwa 5, akwai kuma Payment Practices mai irin wannan hidima. Maki ɗaya mara kyau yakan farkar da akantan da ya yi wata uku yana barci. A gida akwai Cibiyar Masu Fassara da Tafintoci ta Nijeriya, NITI, ga kuma zaurukan WhatsApp na masu fassarar Hausa inda labari ke yawo da sauri. Amma a yi hattara da hawa Facebook a kira wani ɓarawo. An sha kama mutane a ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka wallafa, ko da yake an yi wa sashen gyara a 2024. Abin da ya fi tsaro shi ne a tsaya a kan zahiri: ranar miƙa aiki, ranar alkawari, adadin saƙonnin da ba a amsa ba. Tsallake kamfani a kai ƙara wurin mai asalin aikin kuwa mataki ne na ƙarshe, domin yawancin yarjejeniyoyi sun haramta shi.

Tun ran gini

Duk waɗannan dabaru na bayan ɓarna ne. Ƙarfin mai fassara yana hannunsa ne muddin aikin na cikin kwamfutarsa; da ya danna tura, ya koma mai roƙo. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suka fi ɓata lokaci a kan minti talatin na farko. Kamfanin Nijeriya ne, a duba sunansa a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Na Ingila ne, rajistar Companies House a buɗe take kyauta. A duba ko imel ɗin daga adireshin kamfanin ya fito ko daga Gmail. A tambayi abokan sana'a ko wani ya taɓa cin kuɗinsu. Sannan kada a taɓa kalma ɗaya sai takardar odar aiki ta zo, mai ɗauke da adadin kalmomi, farashi, nau'in kuɗi, hanyar biya, ranar biya, da wanda zai ɗauki cajin banki.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmin Yauri. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa ta sauka, kuma kowane ɗalibin islamiyya ya san hadisin da ya yi umarnin a sallami ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Tela a Yelwa ba ya yanka yadi sai an ajiye kafin alƙalami, maƙerin jirgi ba ya sayen katako da kuɗinsa. Mai fassara ne kawai kunya ke hana shi tambaya, don kada Bature ya ga kamar bai waye ba.

Ga shi kuwa ɗan wannan yanki yana da abin da ba kowa ke da shi ba. Masu juya Turanci zuwa Hausa sun yi yawa daga Kano har Yamai, kamfani na iya yar da ɗaya ya ɗauki goma kafin la'asar. Amma wanda zai saurari tsohuwar Bagungiya tana magana da Reshe ya rubuta daidai, ko ya naɗi saƙon sanya rigar ceto da Tsikimba yadda matuƙin jirgin Wara zai ji ya shige shi, a yatsu ake ƙirga su. Irin wannan mutum yana da bakin cewa a ba shi sulusi kafin ya fara, ko a raba babban aiki gida uku, kowane kashi a biya kafin a saki na gaba.

Malamin nan na Yelwa, a ce a kwana na 80 ya samo lambar ofishin, wani akanta ya ɗaga, aka gano manajar ta bar aiki tun watan jiya kuma takardarsa ba ta taɓa shiga layi ba. Kuɗin ya faɗo, an zabge dala 20 na caji. Ya biya mai shago, ya buɗe sabon littafi mai layi biyar: sunan kamfani, lambar aiki, ranar miƙawa, ranar alkawari, ranar da kuɗi ya shigo. Mako biyu bayan haka wani saƙon ya iso daga kamfanin da bai taɓa ji ba, suna neman wanda zai rubuta musu hirar sa'a goma da masunta, Hausa gauraye da Reshe, kuma a gaggauce. Ya duba sunansu a rajista, ya jefa tambaya a zauren abokan sana'a, sannan ya amsa da layi uku: a turo takardar oda, a faɗi ranar biya, a sa sulusi a asusu. Ya rufe kwamfutar ya sauka bakin ruwa, inda jiragen gungu suka fara sauke kwandunan banda, dillalai na ƙirga kuɗi a gaban masu kaya.